Matan Takarkori, madarar Fulani da jinin sikila: ina binciken ya tsaya?

Malam Isiyaku:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana biyun nan wani saƙo na ta yawo a WhatsApp, wai Turawa sun tono asalin Fulani a Libiya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an ja maganar ta wuce inda masu binciken suka tsaya, shi ya sa na kawo ta nan mu baje ta a faifai.

A watan Afrilun 2025 mujallar Nature ta buga aikin masana na cibiyar Max Planck ta Jamus da Jami'ar Sapienza ta Rum. Sun karanta DNA na mata biyu da aka binne a gindin wani dutse mai rumfa da ake kira Takarkori, kudu maso yammacin Libiya. Sun yi kusan shekara 7,000 a ƙasa, bushewar wurin ta hana gawarwakin ruɓewa. A zamaninsu Sahara ba rairayi ba ce. Daga wajen shekara 14,500 zuwa 5,000 da suka wuce ciyawa ce da tafkuna, ga kifi ga kada ga dorina. Shaidar wancan zamani har a gida muna da ita: kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, tsawonsa ya haura mita 8, ya kai shekara 8,000.

Yawancin gadon matan nan daga wani reshe ne na mutanen Arewacin Afirka da ba a san da shi ba, wanda ya daɗe a ware. Danginsu na kusa su ne mutanen kogon Taforalt na Maroko, masu shekara 15,000. Ba a ga cuɗanya mai yawa da mutanen kudu da Sahara ba, gadon Gabas ta Tsakiya ma kaɗan ne a jikinsu, alhali shanu da awaki daga can suka shigo Afirka. Ke nan kiwon koyonsa suka yi, ba baƙi ne suka zo suka maye gurbinsu ba.

Bala Tudun Wada:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. To ta ina Fulani suka shigo?

Modibbo:
Ta wajen kwatance, Bala. Da aka jera gadon matan da na al'ummun da ke raye yau, Fulanin Sahel sun nuna kusanci da su fiye da maƙwabtansu. Ni ina ganin Malam Isiyaku ya rage wa abin nauyi. A Takarkorin nan dai, tun 2012 masana daga Jami'ar Biristol suka kankare tsingaron tukwane suka sami kitsen madara mai kusan shekara 7,000. Mutane ne masu shanu, masu tatsa, a daidai hanyar da jama'a suka bi suka gangaro kudu da ƙasa ta bushe. In aka haɗa wannan da gadon jini, ai ba a ce banza ba ce.

Malam Isiyaku:
Ban ce banza ba ce, Modibbo. Mata biyu ne, daga wuri ɗaya, a zamani ɗaya. Kuma gadon Fulani gauraye ne: kaso mafi girma na Yammacin Afirka ne, sai wani kaso mai alaƙa da Arewacin Afirka. Kusancin da aka gani yana cikin wannan kaso na biyu. Daidai ne a ce wani reshe na kakannin Fulani dangin mutanen Takarkori ne. Cewa "an gano asalin Fulani" kuma ƙari ne.

Ku duba yadda ake aikin ku ga dalilin taka-tsantsan. An fi son haƙori ko ƙashin nan mai tauri da ke kewaye da cikin kunne. Ana goge bayansa, a haska shi da hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, sannan a huda a ɗebi gari wajen miligiram 50, abin da bai cika bakin ƙaramin cokali ba. Ɗakin a rufe yake, ma'aikaci ya lulluɓe daga kai har ƙafa, domin numfashinsa kaɗai ya fi ƙashin yawan DNA. Abin da ke fitowa gutsattsari ne, galibi ba su kai haruffa 100 ba (da haruffa huɗu ake rubuta DNA: A, C, G da T), kuma a ƙasa mai zafi sau da yawa fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙwayoyin cikin ƙasa ne, ba na mamacin ba. Sai a sa wasu 'yan ƙugiyoyi na sinadari su kamo na ɗan Adam. Yadda ake gane na tsohon ne ba na ma'aikaci ba: tsohon DNA yana lalacewa a bakin gutsure, harafin C ya riƙa karantuwa a matsayin T. In babu wannan tabo, gurɓata ce.

Shi ya sa ƙasarmu ke da wuya. Zafi da laima da ƙasa mai tsami suna cinye ƙashin kansa, balle abin da ke cikinsa. Mafi kusa da mu da aka yi nasara shi ne Shum Laka a Kamaru, yara huɗu, aka buga a 2020.

Modibbo:
Na karɓi gyaran lafazi, ban janye ra'ayi ba. Mu koma kan madara, nan ne abin ke bayyana a cikin kowa. Jariri yana da sinadarin laktes a hanjinsa mai fasa sukarin madara. Bayan yaye, a jikin yawancin mutanen duniya sinadarin yana raguwa. Babba ya sha kofi ɗaya na ɗanyar madara, mililita 250, ya haɗiyi giram 12 na wannan sukari. Ba a fasa shi ba, sai ya gangara babban hanji, ya jawo ruwa, ƙwayoyin hanji su dafa shi su saki iska. Cikin awa ɗaya ko biyu sai ƙugin ciki, kumburi, wani har gudawa.

Fulani da yawa suna ɗauke da sauyin harafi ɗaya a kromosom na 2, ɗaya daga cikin ƙunshin DNA na jiki, wanda ke barin laktes a kunne har tsufa. Binciken 2019 ya nuna irin sauyin Turawa ne nasu, ya iso ta cuɗanya da mutanen Arewacin Afirka. Makiyayan Kenya da Tanzaniya kuwa nasu sauyin daban ne, a wani harafi na kusa. Matsala ɗaya, hanyoyi daban-daban.

Bala Tudun Wada:
Amma Modibbo, duk Zariya ana shan fura da nono. Ka tsaya inda masu tallar nono ke zama a kasuwar Samaru da azahar, ka ga layin da ke gaban ƙwarya, Bahaushe da Bayarabe da Baju. Ba ka ganin kowa na riƙe da ciki.

Modibbo:
Ai nono ba madara ba ne. An tafasa, an zuba ɗan tsohon nono, an rufe ƙwarya ta kwana. Ƙwayoyin tsami sun ci wani kaso na sukarin, kuma suna shiga hanji da nasu sinadarin suna taya fasa saura. Ga fura tana rage saurin wucewarsa. Man shanu kuwa kusan babu sukarin a ciki. Mai son gane matsayinsa ya gwada da ɗanyar madara tafasasshiya, ciki babu komai, kwana daban-daban. A asibiti ana ba da giram 25 na sukarin a ruwa, a riƙa auna iskar haidurojin a numfashi duk rabin awa har awa uku. Wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta a makonnin baya gwajin zai iya yi masa ƙarya, domin ƙwayoyin da za su saki iskar sun ragu.

Wani bincike na 2022 a kan tukwanen Turai ya nuna mutane sun yi dubban shekaru suna shan madara kafin sauyin ya yaɗu. Masu aikin suna ganin lokacin yunwa da annoba ne ya yi tasiri: gudawar da ba komai ba ce ga mai ƙoshi, ita ce ajalin yaron da yunwa ta riga ta cinye.

Dokta Hauwa:
Sannunku da ƙoƙari. Ni koren Saharar nan wani abu yake tuna min wanda ya fi madara zafi a gidajenmu, wato sikila. A 2018 Daniel Shriner da Charles Rotimi, shi Rotimi ɗan Najeriya ne da ke aiki a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, sun lissafa cewa sauyin sikila sau ɗaya ya faru, a jikin mutum ɗaya, wajen shekara 7,300 da suka wuce, zuriya 259 ke nan. Daidai zamanin matan Takarkori, lokacin da ruwa ya yawaita, sauro ma haka.

Sauyin harafi ɗaya ne a kromosom na 11, GAG ya koma GTG. Wannan ya canza tubali na shida a sarƙar himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin ƙwayar jini. In iskar oksijin ta yi ƙasa, himoglobin ɗin sai ya harhaɗe ya zama sanduna, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Lafiyayyar ƙwaya tana kwana 120, ta sikila 10 zuwa 20.

Malam Garba:
Dokta, a yi min afuwa, shekarun ba a gama magana a kansu ba. Shekara ɗaya bayan nan, a 2019, wasu masana a Faransa suka fitar da nasu lissafin, suka ce wajen shekara 22,000. Ba wanda ya tono mutumin farko. Ana duba tsawon zaren DNA da ke manne da sauyin ne, domin kowace zuriya tana datse shi kaɗan, sai a ƙiyasta zuriya nawa suka wuce. Lissafin ya dogara da abin da ka ɗauka game da yawan jama'a da ƙarfin maleriya a da. Ka canza zato, shekara ta canza. Kafin su ma an daɗe ana koyar da cewa sau da yawa ya faru, saboda nau'o'i biyar da ake gani: na Benin, Senegal, Kamaru, Bantu, da na Larabawa da Indiya. Abin da ya fi ƙarfi yanzu shi ne tushe ɗaya. Haɗa shi da koren Sahara kuwa hasashe ne mai kyau, ba hujja ba.

Dokta Hauwa:
Na yarda, Malam. Abin da babu jayayya a kai shi ne dalilin da ya sa bai ɓace ba. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS, wato waɗanda suka gaji sikila daga ɗaya kawai cikin iyayensu, sun fi tsira daga maleriya. Kariyar daga maleriya mai tsanani ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Ƙwayar jinin da cutar ta shiga tana saurin lanƙwashewa, saifa ta tsince ta, kuma ba ta manne wa bangon jijiyoyin ƙwaƙwalwa kamar ta mai AA. A lura, AS yana kamuwa da zazzaɓi, mai kisan ne ke raguwa. SS kuwa maleriya na daga cikin manyan abokan gabansa, kada wani ya cire wa yaro gidan sauro.

Ita ma cutar ba ta zauna ba. Binciken da aka yi a kan yara masu maleriya mai tsanani a Gambiya da Kenya, wanda Nature ta fitar a ƙarshen 2021, ya gano wurare uku a gadon ƙwayar maleriya da ke ba ta damar ƙetare kariyar AS.

Bala Tudun Wada:
Wasu za su ga wannan su ce maganar biri ce aka shigo da ita ta bayan gida.

Malam Garba:
Duk abin da muka tattauna tsakanin 'yan Adam ne, kuma ƙirge ne da kowa zai iya yi. Makiyayi ya san in ya bar bijimi ɗaya yana hawa, bayan shekaru garken zai ɗauko kamarsa. A nan maleriya ce ta yi zaɓen: a ƙauyen da zazzaɓi ke ɗauke yara, 'ya'yan AS sun fi kai wa aure, sai rabonsu ya ƙaru. SS na rasuwa da wuri, sai hakan ya ja shi baya. Inda biyun suka daidaita, nan adadin ya tsaya.

Ga lissafin. A ce mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. In ana aure ba gwaji, aure ɗaya cikin 16 AS da AS ne. Kowane ciki nasu yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS. Haihuwa ɗaya cikin 64 ke nan, wajen 16 a cikin 1,000. Auren zumunci yana ɗaga adadin, domin 'yan uwa sun fi tarayya a gado ɗaya. Kuma kaso ɗaya cikin huɗun nan na kowane ciki ne daga farko. Ba a cewa an haifi SS ɗaya, saura uku lafiyayyu.

Modibbo:
Ƙarin abin lura: a Burkina Faso, binciken 1996 ya nuna Fulani sun fi maƙwabtansu Mosi da Rimaiɓe jure wa maleriya, alhali sikila ba ta fi yawa a cikinsu ba. Tasu kariyar ta garkuwar jiki ce, ta wata hanya daban.

Anti Ladi:
Tunda an zo kan gwaji bari in sa baki, domin nan ne ake kuka. Mutane suna cewa "na yi jinotayif" alhali gwaje-gwajen ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne na gilashi. A ɗiga jini, a ɗiga sodiyam metabaisalfait mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, a rufe da siririn gilashi, a shafe gefuna huɗun da Vaseline don kada iska ta shiga. Bayan rabin awa zuwa awa ɗaya a duba a madubin likita, in ba a ga komai ba a sake dubawa washegari. In akwai S, wato himoglobin na sikila, za ka ga ƙwayoyin sun miƙe sun yi tsini. Wannan gwaji bai raba AS da SS, kuma bai ganin C, wani nau'in himoglobin ɗin, sam. In sinadarin ya kwana, ko Vaseline bai rufe wani gefe ba, sai ya nuna babu alhali akwai. Duk wanda aka rubuta wa AA da wannan kaɗai, ba a yi masa jinotayif ba.

Na biyu shi ne na lantarki. A wanke ƙwayoyin jini da ruwan gishiri sau uku, a fasa su, a ɗora a kan farar takardar selulos da aka jiƙa a ruwan sinadari mai pH 8.4 zuwa 8.6, a saki wuta na minti 20 zuwa 30. A na lafiya ne ke gaba, sai F na jarirai, sai S, C na can baya. Dole kowace takarda ta ɗauki jinin da aka riga aka san nau'insa a gefe, da shi ake auna saura. Inda ake samun matsala: an yi ta maimaita ruwan sinadari har ya gaji, layukan suka cakuɗe, wuta ta ɗauke a tsakiya aka ƙarasa da ƙiyasi, an loda jini da yawa layin A ya mamaye na kusa da shi, ko an musanya kwalabe wajen rubuta suna. Sannan akwai wasu nau'o'in himoglobin: D da G suna tsayawa a wurin S, E kuma a wurin C.

Daga ɓangaren mai gwaji: wanda aka ƙara wa jini ya jira wata uku zuwa huɗu, in ba haka ba mai SS zai fito AS saboda jinin wani ne ke yawo a jikinsa. Jariri ƙasa da wata shida jininsa cike yake da F, nasa gwajin sai na'urar HPLC, mai auna kason kowane nau'in himoglobin, ko makamanciyarta.

Dokta Hauwa:
Anti Ladi, ki faɗi na talasemiya. Wannan ya raba aure.

Anti Ladi:
Shi ne mafi ciwo, Dokta. Akwai mai ɗauke da gadon beta talasemiya. A takardar lantarki zai fito AA, domin ba wani sabon layi gare shi ba, ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadonsa biyu ne ba ya aiki sosai. Ya auri AS, ɗa ya ɗauko S daga uwa ya ɗauko raunannen daga uba, sai ga yaro da ciwon sikila. Dangi su ce AA da AS ba sa haifar haka, a fara zargin matar. Alamarsa ƙananan ƙwayoyin jini a gwajin ƙirgen jini, da A2, wani ƙaramin nau'in himoglobin, da ya haura kashi 3.5 cikin 100 a HPLC. Shi ma yaron ana iya rubuta masa AS bisa kuskure in jininsa na da ɗan A. A duba kaurin layi: a AS na gaskiya A ya fi yawa, wajen kashi 60, S kuma 35 zuwa 40. In S ya rinjayi A, ba AS ba ne. Kafin a buɗe baki a zargi kowa, a sake gwada uwa da uba da ɗa da HPLC.

Kuma a daina cewa AC ba komai. AC da AS suna haifar SC, shi ma ciwo ne, yana taɓa ido da ƙashin ƙugu.

Bala Tudun Wada:
To maganin da aka ce an samu a Ingila da Amurka fa? Ya warkar da gaske?

Dokta Hauwa:
Casgevy. Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba. Ba ya gyara harafin sikila. Dabarar ita ce a dawo da himoglobin F na jarirai, wanda ba ya lanƙwashewa, shi ya sa ma ciwon ba ya tashi sai bayan wata shida. Akwai ƙwayar gado mai suna BCL11A da ke kashe F bayan haihuwa. Ana ba majinyaci maganin da ke koro uwayen ƙwayoyin jini daga ɓargo, a tace su da na'ura, sau da yawa sai an maimaita. A kai su ɗakin gwaji a yanke makunnin BCL11A da almakashin CRISPR. Sannan a ba shi maganin busulfan ya share ɓargon da ke jikinsa, a mayar masa da gyararrun, ya yi makonni a keɓe har su kama. Mafi yawan waɗanda aka yi wa sun daina samun tashin ciwo. Amma busulfan na iya hana haihuwa, lahanin da ciwon ya riga ya yi wa gaɓoɓi ba ya komawa, kuma 'ya'yansa za su gaji S yadda yake, domin ɓargo aka taɓa ba iri ba. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2.

Abin da ke hannunmu yana aiki ta hanya mai kama da wannan: haidroksiyuriya ita ma F take ɗagawa. Ana farawa da wajen miligiram 15 zuwa 20 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, likita na bin ƙirgen jini, domin tana iya rage fararen ƙwayoyi. Sai penisilin kullum ga ƙananan yara har shekara biyar, rigakafi cikakke, maganin kariyar maleriya, da ruwa mai yawa, musamman a zafin Maris da Afrilu da sanyin hunturu. Daga shekara biyu a riƙa auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa sau ɗaya a shekara don gudun shanyewar ɓarin jiki. Zazzaɓi ya kai 38.5, asibiti a ranar, ba kemis ba. A koya wa uwa taɓa gefen hagu na cikin yaro ƙarƙashin haƙarƙari. In saifa ta kumbura farat ɗaya, tafin hannu ya yi fari, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Malam Garba:
Gwajin ma lokacinsa ake kuskurewa. Ana yinsa an riga an sa rana, an kai lefe, kowa ya ji. A lokacin ba mai iya janyewa, sai a shiga neman inda za a sake gwaji har a sami takardar da ake so. Tun ana sakandare ya kamata yaro ya san nasa.

Anti Ladi:
Sau biyu, a wurare biyu, ɗaya ya kasance HPLC. Kuma a karɓi takardar da ke nuna kason A da S da F da A2 a rubuce, ba haruffa biyu da biro kawai ba. Bala, in za ka tura wa masu saƙon Libiya amsa, haɗa musu da wannan.

Bala Tudun Wada:
Zan tura, Anti. Malam Isiyaku, tambaya ɗaya ta rage: an duba ko matan Takarkorin suna da sauyin madarar?

Malam Isiyaku:
Ko an samu ko ba a samu ba, mata biyu ba za su yanke hukunci a kan al'umma ba. Kitsen madarar da ke jikin tukwanensu dai ya nuna suna sarrafa ta a tukunya, kuma kamar yadda Modibbo ya bayyana, wanda ya iya kwantar da nono ya yi tsami zai sha shi ko hanjinsa ba ya fasa sukarin. A Turai ma an fara tatsa dubban shekaru kafin sauyin ya bazu.